Tambaya: yaya za mu tsara sashen bayanai kan shaye-shaye a ƙaramin ɗakin karatunmu na Makka?

Abu Safwan, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne nake kula da wani ƙaramin ɗakin karatu da ke haɗe da makarantar unguwa a ɓangaren Shara Mansur, inda mafi yawan masu shigowa Hausawa ne, waɗansu a nan aka haife su har da iyayensu, waɗansu kuma zama ne ya kawo su daga baya. Littattafan da muke da su kusan duka na addini ne da na manhajar makaranta. Kwamitin da ke kula da wurin ya ɗora mini nauyin buɗe sashe na musamman kan shaye-shaye da miyagun ƙwayoyi, domin iyaye sun yawaita zuwa da tambayoyin da ba mu da amsarsu, har takan kai uwa ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton wata ƙwaya mai zanen jinjirin wata guda biyu, wadda ta tsinta a aljihun ɗanta, tana tambaya ko maganin ciwon kai ne.

Kwamitin ya rabu gida biyu. Dattawa suna ganin a sayi littattafai a jera su a kanta guda, a rubuta sunan sashen da manyan haruffa. Matasan cikinmu kuwa suna ganin zamanin wannan ya wuce, a sayi kwamfuta biyu a biya wani ya ƙirƙira mana manhajar waya. Kuɗin da aka ware ba za su isa a yi duka biyun ba. Ina roƙon waɗanda suka san aikin laburare ko aikin asibiti su ba ni shawara a kan inda ake samun sahihan bayanai, da harshen da ya kamata mu yi amfani da shi, da kuma hanyar da mutum zai nemi bayani ba tare da unguwa ta san abin da ya kawo shi ba.

Ummu Rayyan, Jidda

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa kwamitinku da alheri. Ni ma'aikaciyar laburare ce a wata jami'a a nan Jidda, kuma a ganina ɓangarorin biyu duk sun fara daga sayayya, alhali abin da ya kamata a fara da shi aiki ne wanda ba ya cin kuɗi sosai sai dai lokaci, wato tara ingantattun bayanai da tsara su yadda za a iya gano su.

Bari in fara da ƙwayar da ka ambata, domin ita kanta hujja ce a kan haɗarin dogara ga littafin da aka saya aka ajiye. Wannan zane na jinjirin wata biyu shi ne ya sa ake kiran kaftagon da Abu Hilalain. Asalin Captagon sunan kasuwa ne na wani magani mai suna fenethylline da aka samar a Jamus a 1961, aka kuma sa shi ƙarƙashin takunkumin ƙasa da ƙasa a 1986. Abin da ake fataucinsa yau da wannan suna ba wancan magani ba ne, galibi amfetamin ne da aka gauraya da kafeyin da wasu abubuwan cikon da suke bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. Tsohon littafin harhaɗa magunguna zai yi maka bayanin magani na asali, kuma bayanin zai zama daidai a kan abin da aka rubuta shi dominsa, amma ba zai gaya maka komai a kan abin da ke aljihun yaron nan ba. Girman matsalar kuwa ba ɓoyayye ba ne, tunda a watan Agustan 2022 hukumomin ƙasar nan sun sanar da kama ƙwayoyi kusan miliyan 47 da aka ɓoye a cikin lodin fulawa a Riyad. Fannin nan yana sauyawa da sauri fiye da yadda maɗaba'a ke iya bi, shi ya sa kowace takarda da za ku ajiye dole ta kasance da kwanan wata a jikinta.

Wuraren da nake komawa kullum ba su da yawa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, yana fitar da rahoton duniya kowace shekara a watan Yuni, kuma kyauta ne a shafinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jagoran mhGAP kan lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye da aka fara fitarwa a 2010 aka sabunta a 2016, wanda aka rubuta shi domin ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, akwai kuma fassararsa ta Larabci. A cikin gida akwai Jami'ar Nayif ta kimiyyar tsaro da ke Riyad, wadda ta tara bincike mai yawa da Larabci a kan wannan fanni, sannan akwai wallafe-wallafen shirin Nibras na kwamitin ƙasa mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, waɗanda an riga an tsara su domin iyalai da makarantu. Laburaren Saudiyya na intanet yana da tarin mujallu, sai dai shiga cikinsa ta hannun jami'o'i da cibiyoyin da suka yi rajista ne, saboda haka idan akwai ɗalibin Jami'ar Ummul Ƙura a cikin masu taimaka muku, shi ne zai riƙa karanto muku abin da ke ciki. PubMed kuwa, rumbun binciken likitanci na intanet, a buɗe yake ga kowa.

Tunda jama'arku suna kai da komo tsakanin nan da gida, za ku buƙaci bayanan can ma. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da UNODC a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na masu shekaru 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, tabar wiwi ce a kan gaba, sai magunguna irin su tiramol. Cibiyar bincike kan shaye-shaye ta CRISA da ke Najeriya, wadda Farfesa Isidore Obot ya kafa, tana buga mujalla kan shaye-shaye a Afirka, ana kuma samun ta a dandalin mujallun Afirka na intanet, AJOL. Amma ina jan kunne a nan: alƙaluman Kano ba na Makka ba ne. Na sha ganin takardun wayar da kai da aka kwafo daga Najeriya suna ta magana a kan sholisho da kodin, alhali abin da ke cin yaran nan kaftagon ne da shabu (metamfetamin) da lirika (maganin ciwon jijiya da ake sha don maye).

Akwai darasi guda daga waɗanda suka riga mu. A Amurka akwai ƙungiyar ma'aikatan laburare masu kula da fannin shaye-shaye, SALIS, wadda aka kafa a 1978. Mambobinta sun ga yadda aka riƙa rufe laburaren cibiyoyin bincike ɗaya bayan ɗaya da hujjar cewa komai yana intanet, kuma sun ga an daina sabunta rumbun ETOH na gwamnatin Amurka na bincike kan barasa a 2003, bayan shekaru kusan talatin ana tara shi. Abin da suka yi daga baya shi ne tattara littattafan da rahotannin suna mayar da su na lantarki a rumbun ajiya na intanet mai suna Internet Archive. Idan gwamnati mai ƙarfi za ta iya dakatar da rumbun da ta gina, to adireshin shafi da kuka rubuta a allo ba ajiya ba ne. Duk abin da kuka amince da shi ku sauke kwafinsa, ku ajiye a wuri biyu, ku kuma buɗe jadawali mai sauƙi a kwamfuta: sunan takarda, wanda ya fitar da ita, shekara, harshe, wanda aka rubuta dominsa, da ranar da za a sake duba ta. Ku ƙara gurbi guda na sunayen da mutane ke kiran kowane abu da su a titi, na Hausa da na Larabci, domin uwa ba za ta zo tana neman metamfetamin ba, shabu za ta ce. Wannan jadawalin shi ne ainihin sashenku. Manhajar waya kuwa, idan wanda ya ƙirƙira ta ya samu aiki a Dammam ya tafi, ba mai iya gyara ta.

Abu Hisham, Madina

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma duk abin da 'yar'uwa Ummu Rayyan ta lissafa gaskiya ne, sai dai ina tsoron kada Malam Abu Safwan ya gina laburaren masu bincike a wurin da babu mai bincike ko ɗaya. Uwar da ta zo da hoton ƙwaya ba rahoton duniya take nema ba. Tana son ta san abu biyu: shin ɗanta zai mutu, kuma shin idan ta kai shi asibiti za a kama shi.

Amsar tambaya ta biyu ita ce mafi tsadar bayanin da za ku iya ajiyewa a wurin nan, kuma mutanenmu da yawa ba su san ta ba. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasar nan, wadda aka fitar a shekarar 1426 ta Hijira, ta tanada a sashe na 42 cewa ba a shigar da ƙara a kan mai shan ƙwaya idan shi da kansa, ko iyayensa, ko 'ya'yansa, ko abokin aurensa, ko wani danginsa ya zo neman a yi masa magani, bisa sharaɗin a miƙa abin da ke hannunsa na ƙwayar ko a nuna inda take. Ku samo nassin sashen daga shafin hukuma, ku buga shi da Larabci yadda yake ba tare da sauya ko harafi ba, sannan ku sa bayaninsa da Hausa a ƙasa. A wannan takardar ku rubuta cewa asibitocin masu shaye-shaye da aka sani da Al-Amal yanzu ana kiran su Irada, domin har yanzu akwai masu neman tsohon suna, ku kuma sa lambar wayar Ma'aikatar Lafiya ta 937. Wanda yake da matsalar igama, wato takardar izinin zama, ko wata shari'a da ke kansa, ku tura shi wurin lauya, kada ma'aikacin laburare ya yanke masa hukunci daga fahimtarsa.

Akwai iyakokin da nake roƙon ku kiyaye. Kada ku taɓa ce wa mutum ga sunan ƙwaya daga ganin hoto, domin masu buga na jabu suna iya buga kowane zane a kan kowane gari. Kada ku yarda a kawo ƙwayar kanta cikin ɗakin karatu, ko da a ƙulle take a cikin tishu, domin riƙe ta laifi ne ga wanda aka same ta a hannunsa. Kada kuma wata takarda taku ta ce wa iyaye su kulle yaro a ɗaki su hana shi abin da ya saba sha lokaci guda. Wanda jikinsa ya saba da lirika ko ƙwayoyin barci irin su roci, idan aka yanke masa kwatsam yana iya kamuwa da farfaɗiya, shi ya sa muke rage masa a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Tiramol kuwa yawan shansa ne ma kan kawo farfaɗiyar, musamman irin mai miligiram 225 da ake sayarwa a ɓoye, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Mai shan shabu yakan kwana da kwanaki bai runtsa ba, ya fara zargin mutanen gida suna ƙulla masa sharri, ya riƙa jin muryoyi, kuma a wannan hali ne iyalai kan ɗauka aljanu ne su yi ta jinkiri. Takarda guda da ke bayyana alamomin da idan an gan su sai a nufi sashen gaggawa nan take ta fi mini kanta cike da littattafai.

Game da sirri, ban goyi bayan rubuta sunan sashen da manyan haruffa ba. A unguwar da kowa ya san kakan kowa, duk wanda aka gani tsaye gaban wannan kanta an gama yanke masa hukunci kafin sallar magariba, kuma idan yana da 'ya'ya mata, maganar za ta kai har gidan masu neman aurensu. Ku sa wa sashen suna mai faɗi, kamar lafiyar iyali, ku cakuɗa takardun shaye-shaye da na ciwon suga da hawan jini da tarbiyyar yara. Takardun su zama na ɗauka kyauta, babu rajista, babu sa hannu. Idan kun sa kwamfuta, ku juya fuskarta ga bango, ku kuma saita ta ta riƙa goge tarihin bincike da kanta.

Ummu Bilal, Makka

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ina koyar da mata karatu a unguwar da ba ta da nisa da ku, kuma jikata ce take rubuta mini wannan. Ɗana Abu Safwan, ka tambayi harshen da za a yi amfani da shi, ni kuma ina ganin ba harshe ɗaya ba ne, domin gidajenmu a rabe suke. Yaran da aka haifa a nan suna jin Hausa a baki amma Larabci suke karantawa, idan ka miƙa musu takardar boko sai su juya ta su dawo maka da ita. Iyayensu mata da kakanninsu kuwa Hausa suke ji sosai, amma da yawansu ba sa karanta boko, Larabcin takardun hukuma kuma ya yi musu nauyi. Saboda haka takardar matasa ta zama da Larabci, ta iyaye kuwa ba takarda ba ce, murya ce.

Duk matar da nake koyarwa tana da WhatsApp, kuma abin da ke yawo a cikinsa kan wannan matsala ya isa ya tayar da hankali. Akwai mai tallan garin magani da yake rantsuwa cewa cikin mako guda zai raba yaro da ƙwaya. Akwai masu ba da shawarar a tura yaro gida a kai shi gidan mari, kuma ana bin shawarar, domin uwa tana ganin ta nesanta shi da abokai kuma ta rufa wa gidanta asiri. Mutane sun manta cewa a watan Satumban 2019 'yan sanda sun shiga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma bayan haka an rufe waɗansu a Daura da Katsina. Idan ɗakin karatunku bai yi magana a inda ake wannan maganar ba, to masu tallan garin magani ne kaɗai za a ji.

Shawarata ita ce a ɗauki gajerun saƙonnin murya da Hausa, kowanne a kan tambaya guda, kada ya wuce minti uku. A farkon kowane saƙo a faɗi watan da shekarar da aka ɗauke shi, a kuma faɗi cewa ma'aikacin lafiya ya saurara ya amince, domin saƙo yana iya yin shekaru yana yawo daga waya zuwa waya. Waɗansu saƙonnin mace ce ya kamata ta karanta su. Binciken nan na Najeriya da 'yata Ummu Rayyan ta ambata ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce, kuma mu da muke shiga gidaje mun san yarinya ta fi yaro wuyar kaiwa asibiti, saboda abin da za a ce. Ni zan iya tura saƙonnin a zaurukan ɗalibaina tare da darasin mako, yadda babu wadda za ta ji kamar ita aka nufa.

Abu Safwan, Makka

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan kai wa kwamiti shawarar kwamfuta guda da na'urar buga takarda, a bar maganar manhaja. Mama Ummu Bilal, mun karɓi tayinki da hannu biyu. Abin da ya rage mini shi ne, shin ya halatta mu fassara takardun waɗannan hukumomi zuwa Hausa da kanmu? Ɗaya daga cikin matasanmu yana cewa manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su gama mana fassarar cikin dare ɗaya. Sannan kwamiti zai nemi shaidar cewa sashen yana amfani, alhali mun ce ba za mu rubuta sunan kowa ba.

Ummu Rayyan, Jidda

Malam, na karɓi gyaran ɗan'uwa Abu Hisham a kan wanda za a yi wa hidima, sai dai jadawalin da na ambata yana nan daram, domin daga cikinsa ne za a ciro abin da za a faɗa a saƙon murya, kuma shi ne zai nuna muku saƙon da ya tsufa.

Game da fassara, yawancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a shekarun baya-bayan nan yana ƙarƙashin lasisin da ya yarda a kwafa a kuma fassara idan ba domin kasuwanci ba ne, bisa sharaɗin a ambaci asalin takardar, a bayyana cewa ba hukumar ce ta yi fassarar ba, kuma kada a sa tambarinta. Ana rubuta sharuɗɗan a shafin farko na ciki, sai ku duba kowace takarda daban. Na hukumomin ƙasar nan kuwa ku rubuta musu ku nemi izini, kuma duk abin da za ku buga ku raba ya bi ta hannun shugabancin makarantar da hukumar da take ƙarƙashinta tun kafin ya fita.

Na'ura tana iya ba ku daftarin farko, amma a Hausa takan yi kuskure a daidai wurin da kuskure ke kisa, wato adadi da sunan magani da kalmar hani, inda "kada" guda ɗaya da ta ɓace take juya ma'anar jimla. Kowace fassara sai mutum biyu sun bi ta, ɗaya mai Hausa, ɗaya ma'aikacin lafiya, sannan a karanta wa mata biyu ko uku daga ajin Mama a tambaye su abin da suka fahimta kafin a ɗauki murya.

Shaidar da kwamiti ke nema ba ta buƙatar suna. Ku ƙirga takardun da kuka ajiye a farkon wata da waɗanda suka rage a ƙarshensa, kowane iri daban. Ku ajiye akwati mai kulle kusa da ƙofar fita, inda mutum zai jefa tambaya a rubuce ba tare da suna ba, Mama kuma ta riƙa kawo muku tambayoyin da ake yi mata da baki ba tare da ta faɗi mai tambayar ba. Tambayar da ta maimaitu sau uku ita ce saƙon murya na gaba, kuma ku rubuta ranar da ta shigo da ranar da aka amsa ta a cikin jadawalin nan.